Babin da Muke Tsallakewa: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Malaman Bayoloji na Makarantun Sakandaren Jihar Kebbi

Assalamu alaikum, 'yan'uwana malamai, maza da mata, na ƙasar Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da haƙurin yara da ƙurar alli.

Akwai babi ɗaya a manhajar Bayoloji ta ajin ƙarshe na babbar sakandare da kusan kowannenmu yake kewaye shi, ba ma kuma son tayar da zancensa a ɗakin malamai. Babin sauyawar halittu nake nufi, ebolushon, inda sunan Lamarck da na Darwin suke fitowa. WAEC tana tambaya a kansa, NECO tana tambaya, JAMB ma ba ta barinsa. Amma abin mamaki, kowace shekara sai lokaci ya ƙure mana daidai bakin wannan babi. Wanda kuwa lokaci bai ƙure masa ba, sai ya cika allo da rubutu, yara su kwafa, ya kakkaɓe hannu ya ce: "Ku haddace saboda jarrabawa, amma ku sani duk ƙaryar Turawa ce." Shi ke nan, an wuce wurin.

A ganina duka biyun cutar yaro ne, na biyun ma ya fi muni. Wanda ya tsallake babin maki ya hana yaro da wani yanki na ilimi. Wanda ya ce a haddace ƙarya a rubuta don maki kuwa, ya koya wa yaro cewa boko abu ne da ake furtawa da baki ana ƙaryatawa a zuci, kuma ba sai an duba hujja ba kafin a karɓi magana ko a yi jifa da ita. Wannan yaron gobe shi ne nas a asibitin ƙauye, shi ne malamin gona a fadamar Suru.

Tsoron na san shi, domin a cikinsa nake aiki. Ni Musulmi ne, na yi imani Allah ne Ya halicci Annabi Adamu, alaihis salam, kuma ban rubuta wannan takarda don girgiza imanin kowa ba. Kowa ya san abin da ke biyo baya idan yaro ya koma gida ya ce malam ya ce kakanmu biri ne. Uba zai zo wurin shugaban makaranta, magana ta kai masallaci, kafin ka ankara an sa maka suna a unguwa. Malamin da ke ƙirga kwanakin albashi ba ya neman ƙarin fitina. Sai dai yawancin fitinar daga yadda muke buɗe babin take tasowa. Da hoton nan muke farawa, na biri yana rarrafe, yana miƙewa kaɗan-kaɗan har ya zama Bature mai tafiya tsaye. Hoton nan ko a wurin masu ilimin kansu kuskure ne, kuma babu ƙofar shiga da ta kai shi muni.

Ƙofar da ta dace tana gonakinmu da rugagenmu. Abin da Charles Darwin ya shimfiɗa a littafinsa na 1859, wanda Alfred Wallace ma ya gano da kansa a daidai wannan lokaci, ɗan manomi ba zai sha wuyar gane shi ba. 'Ya'yan uwa ɗaya ba sa zama iri ɗaya sak. Wasu bambance-bambancen ana gadonsu. Abin da ake haifa ya fi abin da ke rayuwa har ya hayayyafa yawa nesa ba kusa ba. To duk wanda ya gaji siffar da ta dace da wurin zamansa shi zai fi barin zuriya, bayan zamunna masu yawa kuma siffar ta mamaye dangin. Yanayi ke tankaɗe da rairaya, kamar yadda mace ke yi wa gari, abin da ya wuce rariya shi ake tuƙa tuwon gobe da shi. Darwin kansa ba da biri ya buɗe littafinsa ba. Da dabbobin gida ya fara, musamman tattabaru, waɗanda ya kiwata da hannunsa yana haɗa irinsu. Ku tambayi yaran ajinku su wa ke kiwon tattabaru, za ku sha mamakin yadda suka san wane namiji ake haɗawa da wace mace don a samu wane launi. Ku tambayi ɗan Fulanin da ke bayan aji me ya raba Bokolo mai gajeren ƙaho da Rahaji ja mai dogon ƙaho, kuma yaya mahaifinsa ke zaɓen bijimin da zai bari a garke. Shi zai koyar da rabin darasin, kai kana tsaye.

Ga shinkafa, abin alfaharin jiharmu. Shinkafar Afirka ta asali daga shinkafar daji aka samo ta, a yankin da kogin Neja ke bajewa a ƙasar Mali, kimanin shekara 3,000 da suka wuce. Ta daji da ta nuna sai ta kaɗe 'ya'yanta ƙasa, don haka take yaɗuwa. Manoman farko suka riƙa ajiye irin da ke riƙe 'ya'yansa a zangarniya har a zo yanka, shekara bayan shekara, har tsiron ya zama wani abu dabam da ba ya iya yaɗuwa sai da hannun mutum. Ta dajin tana nan har yau, manomanmu suna fama da ita a matsayin ciyawa. Zangarniya biyu a kan teburin malam sun fi shafi goma na rubutun allo.

Amma inda nake so mu daɗe shi ne zazzaɓin cizon sauro, domin a nan ne tsallake babin yake zama maganar rai. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin 100 na yaran Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar da aka gwada suna ɗauke da ƙwayar maleriya a jininsu. A wannan binciken babu jihar da ta kai mu. Shi ya sa da aka fara allurar rigakafin maleriya a Najeriya a Disambar 2024, da Kebbi da Bayelsa aka fara. Waɗanda suka manyanta a cikinmu sun tuna kulorokwin, mai ɗaci, mai sa ƙaiƙayi, amma mai arha kuma mai aiki. Ina yake yau? A 2005 Najeriya ta ajiye shi ta koma magungunan haɗi masu atemisinin, domin ya daina kashe ƙwayar cutar. Mutanenmu sukan ce jiki ne ya saba da magani. Ba jiki ba ne, kuma ƙwayar cutar ba wayo ta koya ba. A cikin miliyoyin ƙwayoyin da ke jinin mara lafiya akan samu 'yan kaɗan da aka haifa da wani ɗan sauyi a ƙwayar gadonsu, wanda ya sa magani ba ya kama su sosai. Magani ya kashe sauran, su suka tsira, sauro ya kwashe su ya kai maƙwabta. Duk lokacin da aka shiga kemis aka sayi rabin magani, aka sha kwana ɗaya aka ji dama-dama aka ajiye, an share wa waɗannan masu taurin kai fili. A nan ma bambancin Lamarck da Darwin da yara ke haddacewa ba fahimta yake fitowa sarari: Lamarck zai ce halittar ta yi ƙoƙari ta sauya sannan ta gadar, Darwin ya ce bambancin yana nan tun farko, yanayi ne ya zaɓa. Yanzu haka an tabbatar da ƙwayoyin da suka fara jure atemisinin a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya. Sauron ma haka yake yi da maganin da ke jikin gidan sauro, shi ya sa ake ta sauya sinadarin da ake sa wa sababbin gidajen. Yaron da ya gane wannan ba zai bar mahaifiyarsa ta raba maganin mutum ɗaya ga ƙannensa biyu ba.

Daga nan sai sikila, kuma a nan ne maganar ta shigo jikin ɗan Adam. Dukanmu muna zana teburin nan: AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zama SS. Muna gaya wa yara su yi gwajin jini kafin aure, kuma daidai ne. Amma akwai tambayar da ba mu cika yi ba. Ciwon da a zamanin da yake kashe mafi yawan masu shi tun suna ƙanana, me ya hana shi ƙarewa? Yaya aka yi kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yake ɗauke da S, har ana ƙiyasta ana haifar jarirai kusan 150,000 masu sikila duk shekara? Amsar ta fito a 1954 daga wani likita, Anthony Allison, wanda ya girma a Kenya. Ya nuna cewa yaro mai AS ya fi mai AA tsira daga maleriya, binciken baya kuma ya nuna kariyar daga maleriya mai tsanani ta kai kusan kashi 90 cikin 100. A ƙasar da sauro ya yi katutu, masu AS suka fi rayuwa su haihu, S ya yi ta yawa duk da tsadar da masu SS ke biya. Ka ɗora taswirar maleriya a kan taswirar sikila, za ka ga sun hau kan juna. Zaɓin yanayi ke nan a jinin yaran da ke zaune gabanmu, ba a tsibiran Galapagos da Darwin ya yi nazari ba. Haka batun madara: yawancin mutanen duniya in sun girma cikinsu ba ya narkar da ɗanyar madara, amma a cikin al'ummomin da suka daɗe da kiwo, har da Fulani, da yawa sun gaji sauyin da ke ba su damar sha har tsufa. Haka baƙar fata, wadda kariya ce daga zafin hasken rana. Farar fata daga baya ta samu, a wurin waɗanda suka zauna inda rana ba ta da ƙarfi.

Ƙasar da muke takawa ma tana da nata bayani. Masana duwatsu sun sa wa wasu shimfiɗun ƙasa na wannan yanki sunan Gwandu da na Illo, ana karanta su a jami'o'in duniya, yaranmu ba su taɓa ji ba. Shekara miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce, wani reshen teku ya ratso Sahara ya rufe yankin Sakkwato. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita cike take da bawon halittun ruwan gishiri. A wajen Goronyo an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku mai kama da ƙadangare, aka sa mata Goronyosaurus, akwai kuma wani tsohon kada da ake kira Sokotosuchus. Tsallaken iyaka a Nijar, a Gadufawa, an tono ƙasusuwan dainoso da na wani kada da tsawonsa ya haura mita 9, wasu suna gidan tarihin Yamai. Kuma ba sai an yi nisa ba. Gaiwa tana fadamunmu, kifi mai huhu da ke shaƙar iska, in ruwa ya janye ta shige laka ta yi watanni tana jiran damina. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna a duk kifayen da ke raye, danginta ne suka fi kusa da dabbobin tudu masu ƙafa huɗu. Kowane Basarke ya san ta, malamin Bayoloji ne kawai bai taɓa kawo ta aji ba.

To, yanzu ga inda gizo ke saƙar: asalin mutum. Ko da ka bi duk hanyar nan, wani yaro zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, wai mu jikokin biri na?" Ya cancanci amsa ta gaskiya. Ka'idar ba ta ce biri ya haifi mutum ba, ba ta kuma ce birin da ke ɓarna a gonar dawa wata rana zai zama mutum ba. Abin da masu wannan ilimi suke cewa shi ne mutum da cimfanzi, wani babban birin dajin Afirka, sun haɗa tushe guda da ya rayu shekara miliyan 6 zuwa 7 baya, wanda ba cimfanzi ba ne ba kuma mutum ba, sannan kowane reshe ya kama hanyarsa. Kada mu yi wa yaro daɗin baki mu ce da wannan gyara matsala ta ƙare. Ba ta ƙare ba, maganar tana da nauyi ga wanda ya taso da ƙissar Annabi Adamu. Amma ya kamata ya san hujjojin da suka sa masana suke faɗin haka.

A 1871 Darwin ya yi hasashen cewa a Afirka za a samu tushen mutum, alhali a lokacin babu ƙashi ko ɗaya daga Afirka da zai nuna. Turawa da yawa ba su so hakan ba. A 1912 aka fito da wani ƙoƙon kai a Piltdown ta Ingila, aka yi ta murna an samu mutumin farko Bature. Da Raymond Dart ya nuna ƙoƙon kan wani yaro da aka samu a Taung ta Afirka ta Kudu a 1924, sai aka yi masa kunnen uwar shegu. Sai a 1953 aka gano na Piltdown haɗi ne, ƙoƙon mutum da muƙamuƙin biri, kuma masana kimiyyar ne da kansu suka tona asirin. Masu sukar ka'idar suna son ambaton Piltdown, mu riga su faɗa, mu kuma ƙarasa labarin. Bayan haka ƙasar Afirka ta yi ta amayar da abin da ke cikinta. A 1974 a Hadar ta Habasha aka samu ƙasusuwan da ake kira Lucy, masu shekara miliyan 3.2, ƙwaƙwalwa ƙarama amma ƙugu da gwiwa na mai tafiya da ƙafa biyu. A 1978 a Laetoli ta Tanzaniya ayarin Mary Leakey ya tono sawun ƙafa a cikin tokar dutse mai aman wuta, shekara miliyan 3.6. A 1984 wani ɗan Kenya, Kamoya Kimeu, ya gano ƙasusuwan wani yaro kusan cikakku a gefen tafkin Turkana, shekara kimanin miliyan 1.5. A 2001, a hamadar Jurab ta maƙwabciyarmu Cadi, wani ɗan ƙasar, Ahounta Djimdoumalbaye, ya tsinci ƙoƙon kan da ake kira Tumai, mai shekara kusan miliyan 7, wanda har yau masana ke jayayya ko da ƙafa biyu yake tafiya. Mutum irinmu kuwa, mafi tsufan ƙasusuwansa da aka samu suna Jebel Irhoud ta Maroko, shekara kimanin 300,000. Ko a Najeriya akwai ƙoƙon kan Iwo Eleru da aka tono kusa da Akure a 1965, mai shekara kusan 13,000.

Yaro mai kaifin basira zai ce wa ya ƙirga shekarun? Mu shirya wa wannan tambaya, domin a kanta darasin ke tsayawa ko faɗuwa. Wasu sinadarai suna rikiɗa zuwa wasu da saurin da aka auna aka sani. Kabon-14 da ke jikin duk abin da ya taɓa rayuwa, rabinsa ke tafiya duk shekara 5,730, da shi aka gano cewa kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a Yobe a 1987, ya kai shekara 8,000. Amma kabon ba ya aiki bayan kimanin shekara 50,000, saboda haka su Lucy da tokar aman wuta da ke samansu da ƙasansu ake auna su, ta rikiɗar fotasiyam zuwa argon. Sannan ga hujjar jini, wadda Darwin bai san da ita ba. DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da gado, na mutum da na cimfanzi sun yi daidai da kusan kashi 98 zuwa 99 cikin 100 a inda ake iya jera su. Mutum yana da kuromosom, wato ƙunshin ƙwayoyin gado, guda 46, cimfanzi 48, kuma kuromosom na 2 na mutum yana ɗauke da alamun guda biyu da suka manne. Duk mutanen da ke wajen Afirka, Larabawa da Turawa da Sinawa, mafi yawan DNA ɗinsu yana komawa ga wani ƙaramin ayari da ya fita daga Afirka shekara 50,000 zuwa 70,000 baya.

Akwai ɓangaren da littafin makaranta ba ya faɗa, mu kuwa dole mu faɗa, domin zargin da iyaye ke yi ba daga iska ya faɗo ba. An yi amfani da sunan wannan ka'ida an wulaƙanta baƙar fata. Darwin ya tsani bauta, amma shi ma ya rubuta maganganun fifita wani jinsi a kan wani. Ɗan'uwansa Francis Galton shi ya ƙirƙiro aƙidar tace jinsin mutane, ya raɗa mata suna a 1883. A 1906 an ajiye wani ɗan Kwango, Ota Benga, a ɗakin birai na gidan namun daji a New York ana zuwa kallonsa. Turawan da suka ci Sakkwato a 1903 da irin wannan tunani suka zo, na cewa wasu mutane suna saman tsani wasu suna ƙasa. Har gobe ana jifan 'yan ƙwallonmu da ayaba a filayen Turai. To amma ilimin nan shi ne ya rushe tsanin. Ya nuna mutane biyu ko daga ina suke, DNA ɗinsu ɗaya ne da kusan kashi 99.9 cikin 100, kuma Afirka ta fi ko'ina yalwar bambancin gado, saboda a nan mutum ya fi daɗewa. Yaron Kebbi yana da haƙƙin ya ji duka biyun daga bakin malaminsa.

Sai maganar addini, inda ya kamata mu san iyakarmu. Kimiyya ƙashi take aunawa da jini da dutse. Ba ta da ma'aunin ruhi, ba ta da na'urar da za ta ce akwai Mahalicci ko babu, ba ta san dalilin zuwanmu duniya ba. Duk wanda ya ce ebolushon ya nuna babu Allah, ya fita ɗakin gwaji ya shiga wa'azin tasa aƙidar, kuma mu gaya wa yara haka ƙarara. Malaman Musulunci na wannan zamani ba bakinsu ɗaya ba a kan lamarin. Akwai waɗanda suka ƙi ka'idar gaba ɗaya. Akwai waɗanda suka karɓe ta a kan tsirrai da dabbobi, suka ce Annabi Adamu halitta ce ta musamman ba uwa ba uba, mu'ujiza ce kamar haihuwar Annabi Isa, kuma mu'ujiza ba a nemanta a ɗakin gwaji. Akwai kuma 'yan kaɗan da suka wuce nan. A ɓangaren 'yan'uwanmu Kirista, waɗanda suke da yawa a azuzuwan ƙasar Zuru da Yawuri, cocin Katolika tun 1950, ta kuma nanata a 1996, ta ce ba ta hana binciken asalin jiki ba matuƙar an yarda rai daga Allah yake, wasu coci-coci kuwa sun ƙi. Ba aikin malamin Bayoloji ba ne ya yanke hukunci tsakaninsu. Takardar NCE ko digirin kimiyya ba ta mai da kowa mufti ba, kamar yadda haddar Ishriniya ba ta mai da kowa masanin kuromosom ba.

Abin da nake so mu cire daga zukatan yara shi ne tunanin cewa duba irin wannan lamari baƙon abu ne ga Musulmi. Al-Jahiz na Basra, a ƙarni na 9, ya rubuta littafi guda a kan dabbobi, yana bayanin yadda suke cin juna suna gudun juna da yadda muhalli ke shafarsu. Ibn Khaldun a 1377 ya yi maganar halittu a jere, daga ma'adinai zuwa tsirrai zuwa dabbobi har duniyar birai, sannan mutum mai tunani. Ba ina cewa sun riga Darwin ba, abin da suke nufi dabam ne da nasa, kuma ban son yadda wasu ke jan maganarsu ta ƙarfi. Amma sun duba ba tare da fargaba ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da ke kwance a Gwandu ya rubuta tafsiri, ya kuma rubuta a kan lafiyar jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya yi rubuce-rubuce a kan magani. Aya ta 20 ta Suratul Ankabut umarni ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda Allah Ya fara halitta.

In mun yi shiru, wasu za su yi magana. A hirarsa da BBC a 2009, Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram na lokacin, ya jera abubuwan da ya ce sun sa boko ya saɓa wa addini: cewa duniya mulmulalliya ce, cewa ruwan sama daga tururi yake, da ka'idar Darwin. Mun ga inda tafiyar ta kai Arewa. Yau kuma waya tana hannun kowane yaro. A TikTok da YouTube zai haɗu da ɗayan biyu, ko mai izgili da addini da ke fakewa da kimiyya, ko mai wa'azin da bai taɓa buɗe littafin Bayoloji ba yana ƙaryata abin da ba a faɗa ba. Yaron da bai taɓa jin bayanin daga malami mai salla, mai natsuwa, wanda ya san hujjojin, ranar da ya ci karo da su shi kaɗai a jami'a sai ya ɗauka ɓoye masa aka yi saboda addini ba zai iya tsayawa gabansu ba. Wannan ya fi darasin minti arba'in haɗari ga imaninsa.

Ba a neman yaro ya yi rantsuwa da Darwin. Ana neman ya iya cewa: ga abin da masana suka ce, ga hujjarsu, ga inda suke jayayya, ga inda iliminsu ya tsaya. Tsakanin "masana sun ce, ga dalilinsu" da "ƙaryar Turawa ce, ku haddace" akwai tafiya mai nisa, kuma ta farkon ba ta ci wa imanin kowa komai ba.

Roƙona gare ku kaɗan ne. Mu ɗauke babin daga wutsiyar zango mu haɗa shi da darasin gado da na sikila, inda ya fi zama. Kafin mu shiga aji da shi, mu zauna da malamin Islamiyat da na addinin Kirista na makarantarmu, mu nuna musu abin da za mu koyar, mu ji abin da za su ce wa yaron da muka turo musu, don kada yaro ya ji abu biyu masu karo da juna a rana ɗaya daga malamai biyu da ba su taɓa tattaunawa ba. In akwai taron iyaye da malamai, mu riga jita-jita isa wurinsu. Waɗanda ke da hanya a cikinmu su nemi Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, da jami'o'in Birnin Kebbi da Aliero, su shirya mana bita ta kwana biyu a kan wannan babi kaɗai, a gayyato masanin duwatsu da likita da malamin tafsiri su zauna teburi ɗaya. Ma'aikatar ilimi kuma muna roƙon ta sa mana hannu a rubuce, don malamin da ya koyar da abin da ke cikin manhaja ya san ba shi kaɗai zai tsaya ba in ƙorafi ya taso. Gidan tarihin Kanta ma in ya ware kanta guda ya jera bawon halittun Kalambaina da kwafin ƙoƙon kan Tumai, makarantun Argungu da Augie da Arewa Dandi za su samu inda za su kai yara ba tare da kuɗin mota mai yawa ba.

Wanda ke da ja a kan abin da na faɗa, malami ne ko uba ko limami, ya rubuto a fili kamar yadda na rubuta, zan karanta in amsa.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani malamin Bayoloji,
Argungu, Jihar Kebbi.